Ranar da Kuwabara Ya Riƙe Tuta

A unguwar Okutani, wadda duwatsu suka yi wa zobe ta ko'ina, babu muƙamin da ake gudu kamar shugabancin ƙungiyar unguwa. Shugaba ne mai sasanta rigimar shara, shi ne mai zuwa jana'izar kowa, shi ake buga wa waya idan birai suka shiga gonar kabeji. Da zaɓe ya matso sai ka ga lafiyayyun maza sun fara ɗingishi, wasu kuma su tuna suna da jika a Osaka da ke buƙatar raino. Shi ya sa tsoho Hirotsu ya daɗe a kujerar har kunnuwansa suka yi nauyi a kanta, kuma roƙonsa kullum ɗaya ne, a samo mai karɓarsa.

Mutum ɗaya ne ke son kujerar, Kuwabara Shozo, kuma shi ne mutum ɗayan da unguwa ba ta so ta ba.

Kuwabara ya yi aikinsa ya gama a ofishin wani kamfani mai ƙera gwangwanin kifi. Kifin ma bai cika ganinsa ba sai an cire masa kai. Amma da yana saurayi kamfanin ya taɓa tura shi tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Shiomachi ya duba wani sito na 'yan makonni, kuma makonnin nan sun yi ta girma a bakinsa yadda kabewa ke girma a juji. Da ya yi ritaya sun zama shekaru, an sami guguwa a cikinsu, an sami jirgin da ya ceto da hannu ɗaya. Ya sayi farar hula mai baki irin ta kyaftin, ya kuma koyi kallon sama yana runtse ido ɗaya kafin ya ce za a yi ruwa.

Da tsoho Hirotsu ya gaji, sai ya faɗa a taro cewa tafiyar shaƙatawa ta lokacin kaka, Shiomachi za a je, Kuwabara ne zai jagoranta, kuma idan an dawo lafiya, a cikin motar zai miƙa masa kujera. Mutane suka dubi juna, suka dubi tabarma. Tunda ba mai son ya ce a'a a ce to kai ka karɓa, aka tafa.

Abu na farko da Kuwabara ya yi shi ne soke 'yar jagorar da aka saba ɗauka, domin a cewarsa ba a nuna wa kifi hanyar ruwa. Na biyu, ya soke abincin ranar da aka yi oda a otal, ya ce zai kai su inda ma'aikatan jirgi na gaske ke ci. Matarsa Tokiko ta saurari duk wannan tana ninke tawul, ta tambaye shi ko ya sa maganin cikinsa a aljihu.

Ranar tafiya ya tsaya a gaban bas da 'yar tuta ruwan ɗorawa a kan sanda, ya shaida wa jama'a cewa dokar teku ɗaya ce: inda tuta ta nufa, nan ake bi, ba tambaya. Nagamine Sadako, tsohuwar ungozoma wadda ta ga rabin mazan unguwar tsirara tun ranar da suka zo duniya, saboda haka ba ta jin kwarjinin kowa, ta ɗaga hannu daga kujerar baya, ta kira shi da “san”, kalmar ladabin da ake liƙa wa suna.

“Kuwabara-san, idan tutar ta shiga ban ɗakin maza fa?”

“Sai ki jira a ƙofa, Nagamine-san, kamar yadda kika jira hankali shekara da shekaru.”

“Ai ya zo. Gidanka ya fara ƙwanƙwasawa, aka ce ba ka nan, kana teku.”

Sun isa da hantsi. Kuwabara ya sauka, ya shaƙi iska har kafaɗunsa suka ɗaga, ya ce gari bai manta da shi ba. Ya ja su cikin lungunan dutse, tsakanin tsofaffin rumbunan 'yan kasuwa masu farin bango da baƙin rufi, ya tsaya a gaban wani ƙaramin gini da ya fi duk sauran tsabta. Nan ne, in ji shi, gidan kwastan na zamanin sarakunan yaƙi. A nan aka tsare wani attajiri kwana da kwanaki saboda buhun gishiri ɗaya. Ya ce su lura da ƙananan tagogin can sama, an yi su ne don kada fursuna ya gudu. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Wasu mata biyu suka haɗa tafin hannu suka rusuna saboda ran attajirin.

Suna cikin haka aka ji ƙarar zubar ruwa daga ciki. Wani mutum ya fito yana goge hannu da hankici, ya ga dattawa kusan talatin sun kewaye ƙofar suna ɗaukar hoto, ya rusuna a ruɗe, ya ce su yi haƙuri ya daɗe, amma akwai wani ɗakin a gefe, babu kowa.

Kuwabara bai ko ƙifta ido ba. Ya ce wannan shi ne abin da yake faɗa kullum, hukuma ba ta san darajar tarihi ba. Nagamine ta ce ita dai ta gode wa hukuma, ta ba shi jakarta ya riƙe, ta shiga gidan kwastan. Rabin tawagar suka bi layi.

Wannan ya cinye lokaci, don haka ya ƙara sauri. Lungunan Shiomachi an yi su ne don mutum ɗaya da kwandon kifi, kuma ranar ta hutu ce, kowane lungu da tasa tutar da nata garken. Kuwabara yana gaba, tuta a sama, yana ba da labarin daren da igiyar ruwa ta kai tsayin hasumiya, bai waiwaya ba saboda kyaftin ba ya waiwaye. Yana jin takun ƙafafu a bayansa, yana jin shirun da ya ɗauka na girmamawa ne. Har ya ji daɗi a ransa cewa ya gama da bakin Nagamine.

Ya hau da su matakalar wani haikali da ke kan tudu, doguwa mai tsinka numfashi. A sama ya juya don ya karɓi yabo, sai ya ga mutanen da bai taɓa gani ba, duk cikin baƙaƙen kaya, suna haki, suna riƙe da carbi da furanni. Wata tsohuwa da ke rungume da hoton mijinta ta matso, ta rusuna, ta ce labarin guguwar ya yi daɗi ƙwarai, marigayi ma da zai so shi. Sai dai, in ba damuwa, malamin da zai yi wa marigayin addu'ar cikar shekara yana jiransu a wancan haikalin, na ɗaya tudun. An ce musu wani mai tuta ruwan ɗorawa zai tarye su a tasha. Tun a ƙasa suka so su yi magana, amma sun ga yana tsakiyar zance.

Kuwabara ya dubi ɗaya tudun, ya ce daga nan ake fara gaida wancan haikalin, haka masu jirgi ke yi. Tsohuwar ta yi godiya da wannan ilimi. Suka juya suka fara sauka a hankali, ana riƙe da masu ciwon gwiwa.

Nasa mutanen ya same su bayan dogon yawo. Sun bi tutar wata budurwa har cikin shagon da ake sayar da tsimin giya mai ganyayen magani, irin wanda ake cewa yana ƙara tsawon rai. A can ana ba kowa ɗanɗano a ƙaramin ƙoƙo, kuma wanda ya ɗanɗana ba ya iya fita hannu rabbana, wanda ya saya kuma sai an sake ba shi ɗanɗano don godiya. Ya tarar da fuskoki sun yi ja, kowa da kwalba a jaka, tsoho Hirotsu yana rera waƙar makarantar firamare. Nagamine ta ce ba su ma lura ba shi ba ne sai da suka ji bayanin yana da ma'ana.

“Na gwada ku ne,” in ji Kuwabara. “A jirgi ana gwada ma'aikata.”

“Mun ci jarrabawar?”

“Kun faɗi.”

“To a maimaita mana, malam. Ajin akwai daɗi.”

Yunwa ta fara magana, sai ya nufi da su gidan abincin masu jirgi, inda ya ce matar gidan za ta yi kuka idan ta gan shi. Suka tarar da filin ajiye motoci. Mai gadin ya ce shi dai tun da ya san wurin motoci ke kwana a ciki. Kuwabara ya cire hula ya sunkuyar da kai saboda matar gidan, sannan ya sanar cewa ainihin ɗan teku a tsaye yake cin abinci, fuskarsa na kallon ruwa. Aka sayi wainar kifi mai zafi a takarda daga wata rumfa, aka jeru a bakin tasha.

Shirwa ta Shiomachi ta san baƙo. Ita da 'yan'uwanta suna ta shawagi a sama tun da aka buɗe takardar farko. Tokiko ta ce a hankali ko a koma ƙarƙashin rumfa. Mijinta ya ce shirwa matsoraciya ce, ba ta taɓa wanda ya kalle ta ido cikin ido, ya ɗaga wainarsa sama don ya nuna musu, ya kafe wata da kallo. Wadda yake kallo ba ta zo ba. 'Yar'uwarta ce ta zo ta baya, ta ɗauke wainar, ta bar masa takardar da tabon mai a kan farar hula. Da sauran suka ga an buɗe kasuwa, sai suka sauko gaba ɗaya. Dattawan Okutani suka watse suna kare kai da jaka, kwalabe na kaɗawa, ba mai ihu, sai “a yi haƙuri, a yi haƙuri” duk wanda ya bangaji wani.

Yanzu abu ɗaya ya rage masa, kuma ya san shi ne mai muhimmanci: hoton tafiya. A bangon zauren unguwa hotunan tafiye-tafiye suke jere tun na kakanni, kuma da hoto ake tuna shugaba. Yunwa za a manta, shirwa za a manta, hoto kuwa yana nan. Ya yanke cewa za a yi shi a kan matakalar dutsen da ke gangarawa cikin ruwa, inda a da ake sauke kaya, tsohuwar hasumiyar fitila tana bayansu.

Wata mata mai shanya kifi a kusa ta dube su suna sauka, ta ja iska ta haƙora, ta ce wurin nan, a wannan lokacin, da ɗan wuya. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan ita ce babbar a'a. Kuwabara ya ce mata da wuya ga wasu. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya runtse ido ɗaya, ya sanar cewa ruwa janyewa yake yi.

Jera mutane ya ɗauki lokaci, domin ba a zama yadda aka ga dama. Shugaba da manyan dattawa a matakalar ƙasa, a tsakiya, masu bi musu a shekaru a ta sama, haka har zuwa yara 'yan shekara sittin da ke tsaye a can baya. Kowa sai ya ƙi wurin da aka ba shi sau biyu kafin ya karɓa. Wasu tsofaffi biyu da aka haifa wata ɗaya suka tsaya suna tura juna gaba da ladabi har sai da aka tambayi ranar haihuwa.

Sai matsalar inda mai ɗauka zai tsaya, tunda gabansu ruwa ne. Akwai wani ƙaramin kwale-kwalen masunta ɗaure a zoben ƙarfe. Kuwabara ya taka ciki da kyamara a wuya da tuta a hannu. Kafin ya ɗaga kyamarar ya dubi ƙullin igiyar, ya girgiza kai, ya ce masuntan zamani ba su iya ɗauri ba. Ya kwance, ya yi nasa ƙullin, wanda ya ce sunansa ƙullin guguwa, mai kama da yadda ake ɗaure kyautar biki.

Ya ce a matso hagu. Ya ce a cire tabarau. Ya ce Nagamine ta rufe baki ko na daƙiƙa ɗaya ne don tarihi. A lokacin ruwa ya riga ya shafi takalman tsoho Hirotsu. Tsohon ya ji sanyi, amma shugaba ba ya ɓata hoton jama'a saboda ƙafarsa, don haka ya ƙara miƙe wuya ya yi murmushi. Na kusa da shi sun gani, amma gaya wa babba cewa ya jiƙe kunyata shi ne, kuma ba a tashi kafin shugaba ya tashi. Ruwa ya kai idon sawu. Layin gaba gaba ɗaya suna murmushi, haƙora a cije.

Kuwabara kuwa ya lura da abin mamaki: a cikin kyamara mutanen sai ƙanƙancewa suke yi. Ya ce su daina ja da baya.

“Ba mu motsa ba, Baban yara,” in ji Tokiko daga layi na uku. “Kai ne kake tafiya.”

Ya dubi ƙasa. Igiyar tana biye da kwale-kwalen a kan ruwa kamar jelar ɓera.

Ya ce kada kowa ya damu, da gangan ne, daga nesa hasumiya ta fi fitowa. Ya ajiye kyamara ya kama dogon filafilin da ke bayan kwale-kwalen, irin wanda ake murzawa a tsaye. Ya murza. Kwale-kwalen ya juya ya kalli gari. Ya sake murzawa, ya juya ya kalli teku. Haka ya yi ta zagaye a wuri ɗaya a tsakiyar tasha, kamar ganye a kwano, har cikinsa ya tuna masa cewa shi ɗan duwatsu ne. Ya durƙusa a gefe ya mayar wa teku ɗan abin da ya ci da safe.

Kafin nan duk tutocin Shiomachi sun taru a bakin ruwa da garkunansu. 'Yan makaranta, masu amarci, Turawa masu jan wuya, har da mutanen baƙaƙen kaya da suka gama addu'a, kowa ya ɗaga waya. Wata 'yar jagora ta shaida wa nata mutanen cewa da alama wasan gargajiya ne. Aka tafa masa.

Nagamine ta haɗa hannu a baki.

“Kuwabara-san, ka ce inda tuta ta nufa nan ake bi. Mu shigo ne, ko za ka aiko mota?”

Jirgin fasinja mai zuwa tsibiri ya wuce a lokacin, igiyar da ya taso ta zo ta haye matakalar, ta zauna a cinyar layin gaba. Sai a nan tsoho Hirotsu ya ce, cikin natsuwa, yana ganin hoton ya isa haka. Kafin ya rufe baki babu kowa a matakalar.

Mai kwale-kwalen ne ya je ɗauko shi, a jirgin maƙwabcinsa. Ya tsallako ciki, ya kama filafili, ya kawo su gab da matakala, ya rusuna ya ce a gafarce shi, laifinsa ne da ya bar abin a inda zai ba baƙo sha'awa. To wanda aka ba haƙuri alhali shi ne mai laifi dole ya rusuna fiye da wanda ya ba shi. Kuwabara ya miƙe tsaye ya rusuna. Masuncin ya ƙara ƙasa. Kuwabara ya ga idon gari a kansa, ya ga nan ne kaɗai ya rage ya nuna shi ma ya san wani abu, ya haɗe ƙafafu, ya manna hannaye a cinya, ya kai goshi wajen gwiwa, duk a gefe ɗaya na ƙaramin kwale-kwale.

Kwale-kwalen ya karkata, ya zuba shi a teku. Ruwan bai kai ƙirji ba. Hular ce ta fara fitowa, sannan tutar, sannan shi.

A hanyar komawa motar tana warin teku da tsimi. Kuwabara yana kujerar gaba cikin rigar da Tokiko ta saya masa a shagon tsaraba, mai hoton kifi yana dariya, da wandon direba na canji. Dattawan layin gaba sun naɗe ƙafafu da tawul, safarsu na rataye a jikin taga. Ba wanda ya ambaci abin da ya faru. An yi maganar yadda ganyaye suka yi ja a bana, an yi maganar tsadar kabeji.

Da duwatsu suka fara bayyana, tsoho Hirotsu ya karɓi makirfo. Kuwabara ya gyara zama, ya shafa gashinsa da bai gama bushewa ba.

Tsohon ya gode wa kowa, ya gode wa direba, ya gode wa Kuwabara-san saboda ranar da ba za a manta ba. Ya ce wani abin al'ajabi ya same shi yau: ruwan gishirin nan ya warkar masa da gwiwa, har kunnensa ya buɗe, yana jin kamar an rage masa shekara ashirin. Saboda haka, idan jama'a sun yarda, zai ci gaba da riƙe kujerar har sai hali ya yi. Ba a taɓa jin tafi irin wannan a motar ƙungiya ba. Maza masu ɗingishi suka miƙe tsaye suna tafawa.

Amma, in ji tsohon, ba daidai ba ne a bar ilimi irin na Kuwabara-san ya tafi a banza. Don haka ya ƙirƙiro sabon muƙami, wanda ba a taɓa yi ba a tarihin Okutani: Babban Mai Ba da Shawara kan Harkokin Teku. Na har abada ne, babu zaɓe.

Kuwabara ya juya muƙamin a bakinsa, ya ji ya fi shugaba tsawo. Ya miƙe, ya riƙe ƙarfen mota da kyau kafin ya rusuna, ya ce nauyi ne babba amma ba zai guje shi ba. Ya tambayi ko mene ne aikin farko.

“Ka zauna cikin shiri,” in ji tsoho Hirotsu. “Duk ranar da teku ta iso Okutani, kai za a fara kira.”

Kuwabara ya gyaɗa kai, ya zauna, ya leƙa taga yana auna tsayin duwatsu da ido ɗaya. Can ya sunkuya wajen matarsa ya ce mata a ajiye waya kusa da shimfiɗarsa daga yau.